Bayan Ɗalibi Ya Rufe Littafi, Me Za A Tambaye Shi?

A yawancin makarantunmu na sakandare, in malamin Hausa ko na Turanci ya so ya tabbatar ɗalibi ya karanta littafi, hanya ɗaya ce a hannunsa. Zai ce a taƙaita labarin, a fito da jigo, a yi bayanin zubi da tsari, a jero taurari, a rufe da darasin da aka koya. Ranar Litinin a tara littattafan rubutu a kan tebur. Abin da ke biyo baya kuwa, duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san shi: mutum uku ko huɗu ne suka karanta, sauran sun kwafa daga wurinsu, har da kurakuran rubutun. Wasu ma ba su wahalar da abokansu ba, sun ɗauko daga 'yan ƙananan littattafan nan na tambaya da amsa da ake bazawa a bakin kasuwa in jarrabawa ta ƙarato. Yanzu kuma ga waya ta shigo, yaro ya rubuta mata sunan littafi ta zubo masa taƙaitawa nan take, ko da rabinta ƙage ne. Malamin da ke da aji uku, kowanne cike maƙil, ina ya ga lokacin tantance wanda ya karanta da wanda ya kwafa? Jan biro zai ɗauka ya ja layi, ya ba da maki, a wuce wurin.

Taƙaitawa dai ba abar yarwa ba ce. Gwaninta ce mai zaman kanta, kuma WAEC da NECO suna tambayar jigo da salo a kan littattafan da suka zaɓa, don haka tilas a koyar. Inda gizo ke saƙa shi ne a ɗauki wannan ma'auni na jarrabawa a ɗora wa littafin da yaro ya ɗauka don kansa, wanda ba ya cikin manhaja, wanda ya ara wajen yayarsa ko ya tono a akwatin babansa. Wannan karatu na ganin dama shi ke mai da yaro makaranci, shi ke ba shi kalmomi da saurin ido da juriyar zama da shafi. In ya fahimci cewa ladan duk littafin da ya gama shi ne shafi biyu na aikin gida, to ya koyi darasi guda, wato kada ya sake bari a san ya gama.

Maganar ta fi nauyi a kudancin Kano. Yaron da ke Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, tsakaninsa da Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad da ke cikin birni tafiyar sa'o'i ce a mota, ta tsakiyar dajin Falgore. Na Tudun Wada yana tashi daga makaranta gonar shinkafa ko injin casa na jiransa. Na Bebeji yana da ban ruwa a kewayen Tiga in rani ya yi, 'yar Kiru kuma tana da talla ranar kasuwa. Da dare sai an yi sa'ar tocila. Ɗan lokacin da irin waɗannan yara suka tsakuro suka ba littafi yana da tsada ƙwarai, bai kamata a ƙarar da shi wajen kwafe ba. Su kuma dabarun da malaman Amurka da Ingila suka daɗe suna yaɗawa a madadin irin wannan rahoton littafi, irin su yaro ya haɗa ɗan bidiyon talla ko ya gina ɗakin tauraron labari da kwali da gam da fenti, an tsara su ne don ƙaramin aji mai kabad cike da kayan aiki. Wanda ya kwaso su yadda suke ya kai makarantar da yara ke zaune a ƙasa, iyaye kawai zai ɗora wa kashe kuɗi.

A ganina tambaya biyu ce ke raba dabara mai amfani da ta ado. Shin aikin zai tilasta wa yaro ya sake buɗe littafin? Shin zai sa wani yaron ya ce a ba shi aro? Taƙaitawa ta faɗi a duka biyun, domin ana iya yin ta ba tare da an buɗe littafi ba, kuma ba mai karanta ta sai malami, shi ma da ƙyar.

Mafi arahar dabarun da suka tsallake wannan gwaji daga Jafan ta fito. A 2007 wani mai bincike a Jami'ar Kiyoto, Tadahiro Taniguchi, ya ƙirƙiro wa abokan nazarinsa wata gasa da ake kira Bibliobattle, wadda daga baya ta bazu a makarantu da ɗakunan karatu na ƙasar. Kowa zai zo da littafin da ya karanta ya ji daɗinsa. A ba shi minti 5 ya tallata shi da baki, sai a yi minti 2 ko 3 ana yi masa tambayoyi. In kowa ya gama, a kaɗa ƙuri'a a kan tambaya ɗaya tak: wane littafi ka fi ƙagara ka karanta yanzu? Littafi ake zaɓa, kuma shi ne zakaran ranar. Wannan ba ya bukatar takarda ko lantarki. A raba aji rukuni-rukuni, mutum takwas ko goma a gindin bishiya, malami yana zagayawa. Yaran da suka saba jan hankalin mai saye a Kwanar Ɗangora ba sai an koya musu talla ba. Tambayoyin abokai kuma sun fi jan biron malami iya kama maƙaryaci. Wanda ya ce ya karanta Ruwan Bagaja, aka tambaye shi tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe wa ya fi yi wa wani mugunta, ya tsaya yana sosa ƙeya, asirinsa ya tonu ba tare da an ɗaga masa murya ba. Akwai wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Mai talla dole ya ɓoye ƙarshen labari, dole ya san inda zai yanke magana ya bar mutane da ƙishirwa. Wannan ya fi taƙaitawa wuya nesa ba kusa ba, domin sai wanda ya gane yadda aka gina labari yake sanin inda zai tsaya. Ita ce sana'ar aku a Magana Jari Ce, wanda ya yi ta riƙe Musa ɗan sarki da labari dare bayan dare don kada ya fita.

Wadda na fi so kuwa ita ce kotu. A ɗauki Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan farko da Hukumar Talifi ta Zariya ta fitar a shekarun 1930. Abubakar yana son Zainab, attajiri Malam Shaihu ya sa dukiya ya aure ta, Abubakar ya bazama neman asirin ramuwa, abin ya sauka a kan ɗan da aka haifa, Kyauta, wanda ya tashi ɓarawo har ya kashe mahaifinsa bai sani ba. In ka ce wa ɗalibi ya kawo jigon wannan littafi, zai rubuta maka "ramuwar gayya" ya ajiye biro, kuma bai yi kuskure ba. Amma ka ce yau za a gurfanar da mutum huɗu, a faɗa mana wa ya fi ɗaukar alhakin jinin Malam Shaihu, sai ka ga aji ya rabu. Wasu za su kama Abubakar. Wasu za su ce ai mai dukiyar ne ya fara zalunci. 'Yan mata za su tambaya ko Zainab tana da zaɓi tun farko, samari su ce tana da shi. Wani zai tashi ya ce Kyauta baligi ne mai hankali, asiri ba ya ɗauke wa mutum hisabi, daga nan an shiga fagen da malamin addini ma zai so ya leƙo.

Sharaɗi ɗaya ne ke hana wannan zama hayaniya: ba a karɓar hujja sai da lambar shafi. Mai gabatar da ƙara ya ce Abubakar ya san abin da zai faru, alƙali ya ce a wane shafi, a buɗe a karanta wa kotu. Ta haka yaro zai koma cikin littafi sau biyar ko shida da ƙafarsa, yana farautar jimla ɗaya da zai kayar da abokin gardama. Aikin kuma yana da gurbi ga kowa. Mai baki ya zama lauya, mai kwaikwayo ya zama shaida ya amsa tambaya da muryar tauraron, mai kunya ta zama magatakarda ko mai nemo shafi, sauran su yanke hukunci da ɗaga hannu. Kwafi ɗaya ya ishi mutum shida in aka ba su mako biyu yana zagayawa. A ƙaramar hukumar Bebeji, a Bagauda, akwai reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, inda manya ke yin irin wannan kotun gwaji kafin a rantsar da su. Shugaban makarantar da ya rubuta takarda ya roƙi ɗaliban lauya biyu su zo su zauna a kujerar alƙali na rana ɗaya bai roƙi abin da ya fi ƙarfinsu ba.

Wasan kwaikwayo ba ya bukatar dogon bayani a wurin yaran da ke yin tashe duk azumi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ma ai Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da shi wasa, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976. Abin kiyayewa shi ne a taƙaita wa yara fage ɗaya, kuma su faɗi dalilin da ya sa shi suka zaɓa, in ba haka ba sai rawani da gemun auduga su cinye lokacin. Wannan littafi yana kuma ba da damar taswira, ko da a ƙasa za a zana ta da tsinke: Kagara, Fatika, Maƙarfi, Kano, sai a ƙetare hamada zuwa Masar, a biyo ta Tarabulus, a ƙare a Rauta, a nuna hanyar Umar daban da ta mahaifiyarsa da ta fita nemansa. Ɗan Kiru ya san Maƙarfi, don ba ta da nisa da shi. Ranar da ya ga garin da ƙanen babansa ke cin kasuwa a cikin littafi, littafin ya daina zama baƙo. A Bebeji kuwa, inda aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877 cikin zuriyar fatake, ana iya tura yara su tambayi dattawa yadda ayari ke tafiya da yadda ake yada zango, su gwada da abin da littafin ya ce.

Akwai wata hanyar amsa littafi da ta fi duk waɗannan tsufa a wurinmu, wato a amsa shi da wani rubutun. A 1936 aka ɗauko Abubakar Imam daga koyarwa a Midil ta Katsina zuwa Zariya, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa. Da taƙaitawa aka nema a wurinsa, da yau ba mu da Magana Jari Ce. Ya karanta, ya narkar, ya sake haihuwar labaran a ƙasar Hausa, da sarakunansu da fadawansu da kasuwanninsu. Ƙarni guda kafin shi, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, tana ɗaukar abin da ke cikin manyan littattafan Larabci ta mai da shi waƙa da Fulatanci da Hausa, jajis ɗinta, wato malamai mata na 'Yan Taru, su kai wa matan karkara. Malamanmu kuma suna da tahamisi, inda mutum ke ɗaukar baitin wani ya ƙara masa nasa layukan. To me zai hana a ce wa ɗalibi ya ɗauko labarin da ya karanta ya dasa shi a Riruwai zamanin haƙar kuza, ko a rugar Fulani a gefen Falgore, ya ga abin da zai canja da abin da zai ƙi canjawa? Ko yarinya ta waƙe babi ɗaya a baiti goma da karin waƙar gaɗa? Ko ta ba da labarin daga bakin wadda marubucin bai ba dama ta yi magana ba, kamar kishiya ko baiwa? Ba mai iya kwafe wannan daga ƙasidar kasuwa, kuma malami yana ganin layi uku zai gane ko an karanta.

Wata malama a jihar Men ta Amurka, Nancie Atwell, ta yi suna da littafinta na 1987 inda ta bayyana yadda take musayar wasiƙu da ɗalibanta a kan abin da suke karantawa, kuma ita ce ta fara cin babbar kyautar malamai ta duniya a 2015. Dabara ce mai kyau ga mai ɗalibai kaɗan. Malaminmu in ya ce zai amsa wasiƙar kowane yaro, ba zai yi barci ba. Amma ana iya karkatar da wasiƙar daga malami zuwa mai karatu na gaba. A liƙa farar takarda a cikin bangon baya na kowane littafin makaranta. Duk wanda ya gama ya rubuta layi biyu ko uku da sunansa: inda ya yi dariya, inda ya ji haushi, shafin da ya ce kada a tsallake. Na bayansa ya amsa masa ko ya ƙaryata shi. Wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin zaure, irin su Ishmawi ko Risala, ya ga yadda gefen shafi ke cike da rubutun waɗanda suka gabata, wani da Larabci wani da ajami. Al'adar tana nan, makarantar boko ce ta hana ta da bulala. A nan ƙarancin littafi ma ya zama riba, tunda kwafi ɗaya hannu talatin zai ratsa kafin zango ya ƙare.

Sai kuma gida. A ce wa yaro ya karanta wa kakarsa ko mahaifiyarsa babi ɗaya, ya dawo da abin da ta ce. Tsofaffi ba sa jin labari su yi shiru, sai sun tsine wa wani sun yaba wa wani, sun kawo makamancinsa da ya faru a garin. A Doguwa da Tudun Wada akwai yaran da harshen gidansu Kuramanci ne ko Fulatanci, kuma yaron da ya juya wa kakarsa labari zuwa harshenta ya yi aikin fahimta da ya wuce duk abin da takardar jarrabawa za ta iya aunawa. Inda akwai waya a gidan, ana iya naɗar muryar, amma kada a mai da ita sharaɗi.

Duk da haka ina da tsoro guda biyu. Na farko, ado ya rinjayi karatu. Yaro mai hannun zane zai iya zana bango mai ban sha'awa na littafin da bai wuce shafi na biyar ba, mai baki ya cika aji da surutu, a tafa musu, mai karatun gaske tana gefe ba ta ce uffan ba. Maganinsa shi ne maki ya bi hujjar da aka ciro daga littafi, kada ya bi kyan fenti ko ƙarfin murya. Na biyu ya fi girma: kada mu tsere daga aikin gida ɗaya mu faɗa cikin guda bakwai. A Jafan ɗin dai, tun 1988 wata makarantar 'yan mata a lardin Ciba ta fara karatun safe na minti 10, wanda daga baya dubban makarantu suka ɗauka. Ƙa'idojinsa huɗu ne: kowa ya yi har da malami, a yi kullum, kowa ya ɗauki littafin da yake so, kuma karatu kawai, ba tambaya ba rubutu. Marubucin Faransa Daniel Pennac, wanda shi ma ya daɗe yana koyarwa, ya jero haƙƙoƙin mai karatu guda 10 a littafinsa na 1992, ciki har da haƙƙin tsallake shafi, da na ajiye littafin da bai yi maka ba, da na yin shiru bayan ka gama. Ra'ayina shi ne yawancin littattafan da yaro ya karanta a bar shi da su, iyaka ya rubuta suna da kwanan wata a rajistar aji. Sau ɗaya a zango ya zaɓi littafi guda da hanya guda, a ba shi wani kaso na makin gwajin cikin zango, wato C.A., a kai. Wanda ya ce shi taƙaitawa yake so, a bar shi ya yi, amma ya karanta ta a gaban rukuninsa ya amsa tambaya.

Wani malamin zai ce, to in aka ce kowa ya kawo abin da yake so, ai littattafan soyayya za su cika aji. Za su zo kam, domin su ne abin da 'yan mata da yawa ke karantawa tun shekarun 1980, da a ƙarƙashin hijabi, yanzu a waya. A 2007 an ƙona irin waɗannan littattafai a bainar jama'a a Kano, karatunsu bai tsaya ba, ɓuya kawai ya ƙara yi. Akwai na banza a cikinsu, kuma malami da iyaye suna da hurumin cewa wannan ba zai shiga makaranta ba. Amma akwai irin Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole, ta ƙi yarda rayuwarta ta tsaya a nan. Littafin da aka kawo kotun aji aka yi masa tambayoyi ya fi wanda ake karantawa a ɓoye aminci. Waɗanda ke cin gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ba daga sama suka faɗo ba, da karatun irin waɗannan littattafai yawancin marubuta mata na yau suka tashi.

Duk wannan zance yana tsaye ne a kan abu ɗaya da ya fi ƙaranci, wato littafin kansa. A 1980 Warwick Elley da Francis Mangubhai suka zuba littattafan labarai kimanin 250 a kowane aji na wasu firamaren karkara a tsibirin Fiji. Wasu azuzuwan malami na karantawa tare da yara su tattauna, wasu kuma yara na karatun shiru kawai. Cikin wata takwas fahimtar karatun yaran ta ƙaru da kusan ninki biyu na abin da aka saba gani, kuma ba rahoton littafi ne ya kawo hakan ba. A watan Yunin 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ana ta maganar gini da kujeru da ɗaukar malamai, duka kuwa ana bukatarsu. Sai dai akwatin ƙarfe mai kwaɗo, da littattafan hira hamsin ko sittin a ciki, na Hausa da na Turanci mai sauƙi, bai kai kuɗin rufin aji ɗaya ba. Kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya daɗe yana buga tsofaffin, kasuwar Kano cike take da sababbi, kuma African Storybook da StoryWeaver suna da labaran Hausa kyauta a intanet da za a iya bugawa a shagon kwamfuta. Ina kira ga kwamitocin kula da makarantu na SBMC da ƙungiyoyin iyaye da na tsofaffin ɗalibai, da 'yan majalisar mazaɓun Kiru da Bebeji da na Doguwa da Tudun Wada, su sa akwatin nan a lissafinsu na bana. Shugabannin makarantu kuma su ware masa minti 10 a jadawalin safe, su damƙa makullin a hannun ɗalibai.